Ɗan jagora a tsohon garin Gadamus: abin da kuɗinka zai saya maka

Gadamus tana kimanin kilomita 600 kudu maso yammacin Tarabulus, dab da iyakar Libiya da Aljeriya da Tunisiya, kuma ta Nalut ake bi a mota. Baƙo ba ya shiga tsohon garin shi kaɗai, domin lungunan a rufe suke da rufi, sai ɗan haske da ke saukowa ta kafofi jefi-jefi. Shi ya sa ake ɗaukar ɗan jagora, kuma aikin ya cancanci kuɗinsa idan an dace da ɗan gari.

Mai kyau daga Ainul Faras yake farawa, idon ruwan da garin ya rayu a kansa. Daga nan sai wurin kadus, wato ma'aunin ruwa, inda a da mutum ke zaune da mazubi mai huda a gindi, duk cika ɗaya ya ƙulla kulli a ganyen dabino, da haka ake raba wa gonaki ruwa. Jagoran da ya tsallake wannan bai nuna maka Gadamus ba.

Cikin gida ne aikin ya fi armashi. Ƙasa ma'ajiya ce, hawa na tsakiya falon iyali, farin bango da jan zane, da faya-fayi da tasoshin tagulla a jere. Madubai da yawa ba don ado kawai aka kafa su ba, hasken kafar rufi suke watsawa cikin ɗaki. Saman soro kuwa a da na mata ne, ta nan suke bi gida-gida ba tare da sun sauko lungun maza ba. A nemi a haɗa da abincin rana a irin wannan gida, amma sai an sanar tun da wuri.

Inda ake samun matsala: tun da jama'a suka koma sabon gari a shekarun 1970 da 1980, gidajen da ba a yi wa yaɓe suna zubewa bayan ruwan sama, azarar dabino kuma tana ruɓewa. Kada a hau soron da jagora bai fara takawa ba. A riƙe tocila, a ware rabin yini, a zo tsakanin Oktoba da Maris. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, ta saka shi cikin masu fuskantar haɗari a 2016, ta cire shi a 2025.

Bahaushe ya tambayi batun fatake. 'Yan kasuwar Gadamus sun zauna a Kano, suna sayen fatu da tufafin rini da gashin jimina suna turawa Tarabulus, kuma ayarin nan ya ɗauki bayi. Idan jagora ya ambaci kaya ya yi shiru kan mutane, a sake tambayarsa.