Na tura injin Boxer daga Kaduna zuwa Gusau ta ofishin weibil, ga yadda aikinsu yake

Jama'a duk wanda yake da niyyar tura injin mashin wani gari daga nan Kaduna, dan Allah ya karanta wannan kafin ya ɗauka ya nufi tasha. Akwai wani ƙaramin ofishin weibil, wato masu karɓar kaya su baka takarda su tura maka wani gari, a Kawo, ba nisa da tashar mota, su na bawa injin Boxer suka kai min Gusau, kuma ina ganin ya kamata in faɗi yadda suke aiki, da mai kyau da wanda bai min daɗi ba. Bazan saka sunansu ba tunda akwai ƙorafi a ciki, wanda yake so ya min magana a gefe zan kwatanta masa wajen.

Ƙanina ne yake kabu-kabu a can, injinsa ya buga, makanikinsa ya lissafa kirankshaf da fistin da bulok da sauran tarkace sai kuɗin ya kusa kamo na wani injin na hannu mai lafiya. Toh sai muka shiga Fanteka da makanikina muka samu wanda aka kwance daga mashin ɗin da yayi hatsari, bodi ya lalace amma injin garau, an ɗora shi an tayar a gabanmu munji ƙararsa. Saye bai bamu wahala ba, kaiwa ce matsalar.

Abinda kowa ya saba shine ka bawa direba a hannu, ka karɓi lambar wayarsa da lambar mota, shikenan. In takarda ce ko kwalin magani ba laifi. Amma inji ƙarfe ne mai nauyi, ya kai rabin buhun siminti, ga ƙusoshi da sanduna sun leƙo ta kowane gefe, ga mai a cikinsa, kuma a but za'a jefa shi a danna buhuna da jakunkunan fasinja a kai a ja igiya a ɗaure. Makanikina yace ya sha karɓar inji da aka turo haka, sandar giya ta lanƙwashe ko murfin magneto ya tsage, kuma in ka kira direban cewa zaiyi haka aka bashi. Shi ya nuna min wannan ofishin.

Wani dattijo ne yake karɓar kaya a bakin sikeli, kowa Baba yake ce masa. Ko taɓa injin baiyi ba sai da yace, "Ɗana ina takardarsa?" Na miƙa masa rasit, ya sa yaronsa ya goge wajen lambar inji da tsumma, ya haska da fitilar waya yana karantawa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa da abinda ke jikin rasit ɗin. Sannan yace in ɗauki hoton lambar in turawa wanda zai karɓa, ya kuma sa nayi hoto-kwafin rasit, ɗaya ya tafi da direba asalin ya zauna a hannuna. Nace Baba duk wannan akan inji ɗaya? Yace, "Hanyar da zai bi kasanta ai. In aka tare motar a shinge aka ga injin babur babu takarda, ba naka kaɗai zai kwana a can ba, har kayan mutane."

Kuma gaskiyarsa. Daga Zariya ka ɗauki hanyar Giwa zuwa Funtuwa, ka wuce Tsafe ka shiga Gusau, shingayen jami'an tsaro ne birjik, kuma kowa yasan yadda ake sa ido akan babur a wannan yankin saboda da shi ɓarayin daji suke yawo. Mu nan Kaduna ma ai bamu manta 2021 ba, lokacin da gwamnati ta hana hawa babur gaba ɗaya na wata uku ta kuma rufe layukan waya a wasu wurare. Ga kuma satar mashin a cikin gari, a sace yau gobe an kwance an sayar gunduwa-gunduwa. Wajen da zai karɓi inji bai tambayi takarda ba, ni yanzu tsoronsa zanji.

Sharaɗi na biyu, basa ɗaukar inji da mai a ciki, ko ɗigo. Akwai makanikai a gefensu, aka kira ɗaya ya kwance noti na ƙasa ya tara roba, baƙin mai ya tsiyaye, aka karkata shi hagu aka karkata dama aka barshi ya ɗan jima har ya daina ɗiga, sannan aka mayar da notin aka ɗaure. Kafireta aka cire shi daban, aka sassauta ɗan sukurun da ke ƙasan kofinsa fetur ɗin da ya rage ya zube, aka barshi a rana warin ya fita. Baba yace motarsu tana ɗaukar atamfa da shadda da kayan abinci, baƙin mai in ya taɓa yadi ya gama aiki, fetur kuma ba'a wasa dashi cikin rufaffiyar mota a wannan zafin.

Ɗaurin shine ya sa nake wannan rubutun, dan na tsaya na kalla daga farko har ƙarshe. Yaron ya fara kwance kik da sandar giya ya ɗaure su tare da kafireta a leda ɗaya. Ƙarafan da suka rage a waje, wato inda kik da giya suke shiga da kuma na siroket, ya yanko guntun tiyo na roba ya zura wa kowanne, saboda in wani abu ya buge su haƙoran suna cinyewa ko kuma sil ɗin ciki ya fara yoyo. Bakin da kafireta yake zama da bakin salansa ya cusa tsumma mai tsafta ya naɗe da leda da salatif dan kar ƙura ko ɗan tsakuwa ya faɗa cikin silinda, filogi kuma yace a barshi a ɗaure a wajensa, shi ma murfi ne. Wayoyin da suka fito daga kwayil ya naɗe su ya manna a jikin inji, yace su ne abu na farko da mai ɗaukar kaya yake kamawa ya ja in ya rasa mariƙi. Wallahi da ni kaɗai ne wannan bazai zo min a rai ba.

Sai aka kawo faifan katako mai kauri aka zaunar da injin a kai yadda yake zama a jikin mashin, silinda bata kwanta a gefe ba, aka bi ta ramukan da ake ɗaure shi a firam aka zura waya mai ƙarfi aka ɗaure da katakon tamau, na gwada girgiza shi ko motsi baiyi ba. Fuka-fukan nan na jikin silinda da suke sanyaya inji, na kai alminiyam ne, bugu kaɗan suke ɓallewa, su aka zagaye da tsohon tub na taya da soso. Sannan kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, aka cike gefe-gefe da yankakken kwali har babu inda yake lilo, aka sa buhu aka ɗinke, aka yi masa mariƙi na igiya ta gefe biyu yadda mutum biyu zasu ɗaga ba sai an mirgina ba.

Kafin a rufe, Baba ya ɗauki maka ya rubuta a takarda da manyan baƙi, BABU MAI A CIKI, ya manna a kan murfin da ake zuba mai. Yace, "Ka kira ƙanenka ka faɗa masa da baki ma. Makanike yana sauri zai ɗaura ya buga kik, minti kaɗan ya kashe muku inji." Boxer kusan lita 1 yake sha, na sa ƙanina ya sayi 20W-50 ya ajiye tun kafin kayan su iso.

Maganar kuɗi kuma, ba arha. Akwai kuɗin kilo, akwai kuɗin ɗauri daban, katako da kwali kai zaka biya, makaniken da ya zubar da mai shi ma ka sallame shi. In ka haɗa ya kusa ninka abinda direba zai karɓa a hannu. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 dai kuɗin mota ko'ina ya tashi, dan haka ban tsaya jayayya ba, kuma in ka auna da kuɗin injin kansa ba wani abu bane.

Yanzu inda suka gaza. Sunce min gobe da safe motar zata tashi, bata tashi ba, ashe sai kaya sun cika suke lodi, kuma babu wanda ya kira ya sanar dani, ni na dinga kira wayar ofishin tana ringin ba'a ɗauka, in an ɗauka kuma ace "yanzu za'a tashi". Mutumin da yake jiran injin nan da shi yake ciyar da gida, kowace rana mashin yana jingine asara ce, da sun faɗa min gaskiya tun farko da na san me zan gaya masa. Basu da wata hanyar bin kaya ta waya irin ta manyan kamfanoni, lambar direba kawai zasu baka bayan mota ta tashi, in ya shiga inda babu sabis sai dai ka zauna kana addu'a.

Na biyu, a takardar weibil akwai wajen rubuta darajar kaya, na rubuta abinda na saya, amma da na tambayi magatakardan in ya ɓata ko ya fashe nawa zasu biya, sai yace, "Alhaji in sha Allahu ba abinda zai faru." Nace ni ma fatana kenan amma amsa nake so. Sai da Baba ya sa baki yace in laifinsu ne ana zama a sasanta. Wannan magana ce ta mutunci kuma na yarda da shi, amma kamata yayi ta zama a rubuce, dan ba kullum Baba yake zaune a wajen ba.

Na uku, can Gusau da ƙanina yaje karɓa sun nemi katin shaida sun kira ni na tabbatar shi ne, wannan yayi kyau sosai, amma sai aka ce ya biya kuɗin sauke kaya, alhali a Kaduna ance min na gama biyan komai. Kuɗin ba yawa, rashin faɗa ne ya ɓata min rai. Ku tambaya tun a nan, ku sa a rubuta a jikin takardar cewa mai karɓa bazai biya komai ba.

Injin kuwa ya isa lafiya lau. Na ce kar ya sa hannu sai ya buɗe a gabansu, ya buɗe ya turo min bidiyo, kwalin waje ya lotse ta gefe ɗaya alamar an danna masa kaya, amma na ciki ko tabon mai babu, fuka-fukan silinda duk suna nan, lambar inji tayi daidai da hoton da na tura. Makanikinsa ya zuba mai ya ɗaura, ya tashi, yanzu haka yana aiki dashi.

Makanikina yana da injin Jincheng da zai tura Katsina, jiya na raka shi wajen, na kuma faɗawa mai ofishin maganar wayar da ba'a ɗauka da ta kuɗin sauke kaya ido da ido. Yace zai duba. Wannan karon mun sa an rubuta ranar tashin mota a jikin takardar kafin mu biya.