Maganin tsinka majina da muka gwada wa Inna

Kusan shekara 30 Inna ta yi tana tuyar ƙosai da itace a Tudun Wadan Zariya, kuma hayaƙin nan bai bar ta haka ba. Da hunturu ya kama, tarinta ke tashinmu kafin kiran assalatu. Ta duƙa bakin rariya ta yi ta kakari, majinar ta liƙe a ƙirji kamar ƙaro. An gwada kakinta a asibitin masu tarin tibi da ke Saye, ba tibi ba ne. Likita a asibitin koyarwa na Shika ya ce hanyoyin iskar huhunta ne suka daɗe a kumbure, irin ciwon da ake tari da kaki wata 3 a shekara, shekara 2 a jere. Ya rubuta carbocisteine, kafso mai 375mg, biyu sau 3 a rana, ya ce in an jima ba a ga sauƙi ba a daina, kada a yi asarar kuɗi.

Satin farko na so in watsar da shi. Kakin ƙaruwa ma ya yi. Inna ta harari kwalin ta ce, "Ɗan nan, magani ka sayo ko tsokana?" Ashe aikinsa ke nan: ba ya kashe tari, kaurin majinar yake tsinkawa ta fito da sauƙi. Shi ya sa likitan ya hana haɗa shi da ruwan maganin da ke danne tari, wanda wani mai kemis a Sabon Gari ya so cusa mini.

Wajen sati na uku na lura butarta na komawa ɗaki da wuri. Tari biyu, uku, ta tofar, ta yi alwala. A da sai gari ya fara wayewa tana duƙe.

Amma hakin yana nan. In ta taka zuwa bakin titi sai ta nemi dakali, don haka abin shaƙarta bai bar jakarta ba. Ya kuma ɗan taɓa mata ciki, muka koma sha bayan koko. Mai gyambon ciki kam ya fara gaya wa likita.

Kwali ba ya jimawa, kafso shida ne fa kullum, aljihu na ji. Yanzu an rage mata zuwa huɗu. Jiya ma ita ta tuna mini saura na kwana biyu, in duba lambar NAFDAC kafin in biya.