Ƙaramin otal ɗin da na sauka a Unguwar Sarki

Jama'a duk wanda zai shigo Kaduna ɗaurin aure ko wata harka kuma aljihunsa bai kai na manyan otal ɗin nan ba, ga inda na sauka. Ƙaramin waje ne a cikin layi a Unguwar Sarki, kusa da Masallacin Sultan Bello, da ƙafa ma nake zuwa sallah. Jirgin ƙasa na biyo daga Abuja na sauka a Rigasa, daga can akwai ɗan ja gaskiya, ku yi ciniki da mai mota ko mai keke tun kafin ku hau.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su ɓoye min komai ba. Tun kafin in ciro kuɗi yaron da ke kanta ya ce ranka ya daɗe in an ɗauke wuta muna tada janareta daga magariba zuwa ƙarfe 12 na dare, daga nan sola ce za ta riƙe fanka da fitila da caji amma ba ta jan na'urar sanyaya ɗaki, in bai yi maka ba gara ka sani tun yanzu. Kuma wallahi yadda ya faɗa haka aka yi, ko minti ba su rage ba. Duk mai yawan tafiya ya san darajar wannan, wani wajen za a rantse maka wuta har safe, kana biya cikin dare a kashe a bar ka da gumi, ka fito neman ma'aikaci babu kowa.

Ɗakin ba shi da girma amma tsaf yake, zanin gado wankakke, bayi ba wari, ruwan bohol bai taɓa yankewa ba. Akwai buta da darduma, har alamar alƙibla sun manna a bango. Da yake hunturu ne, kafin asuba Baba mai gadi ya ƙwanƙwasa ya ajiye min ruwan zafi a bokiti ba tare da na tambaya ba, Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Ba a ba ka makulli sai ka nuna katin shaida, kuma baƙo ba ya wucewa ɗaki sai an kira ka, wannan ya kwantar min da hankali sosai.

Amma fa akwai gyara. Ragar tagar ɗakina ta yage, sauro ya dame ni daren farko sai da suka zo suka fesa magani, ragar kuwa har na tafi ba a ɗinke ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa da yara. Intanet ɗinsu ba ya kaiwa ɗakunan sama, da datana na yi amfani. Karin kumallo shayi ne da burodi da ƙwai kullum, ni dai bakin layi nake fita wajen mai masa da miyar taushe.

In za ku je ku nemi ɗakin da ke nesa da janareta, kuma in Juma'a ce ko Asabar ku kama da wuri don 'yan biki na cike wajen.