Sharhi kan barbarar zamani da aka yi wa shanun madarata a Daura

Ina kiwon shanun madara guda takwas a wani fili da ke bayan garin Daura, kan hanyar Mai'adua, kuma dukkansu ruwa biyu ne, wato jinin Bunaji haɗe da na Firisiyan, shanun turai masu yawan madara, irin haɗin da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kansa. Madara kam suna bayarwa, amma ɗaukar ciki ya zame mini ƙarfen ƙafa, musamman ga wadda ta fi kowacce nono, wadda muke kira Goshi, domin ta yi wata bakwai da haihuwa ba mu ga ta nemi bijimi ba. Wannan ne ya sa na nemi wani likitan dabbobi mai zaman kansa daga Katsina, wanda yake zuba wa shanu maniyyin bijimi da hannu.

Abin da ya fara jawo masa daraja a idona shi ne ƙin yin aikin da ya yi a zuwansa na farko, alhali kuɗinsa na hannuna. Ya shafa haƙarƙarin Goshi da ƙashin ƙugunta, sannan ya ce, "Alhaji, wannan saniyar jikinta take tatsa tana ba ka, ko na zuba mata yau ba zai zauna ba." Ya bayyana mini cewa saniya mai yawan nono takan kai ƙololuwar madararta cikin wata biyun farko bayan haihuwa, a lokacin da cin abincinta bai gama dawowa ba, sai ta riƙa ƙona kitsenta domin cike giɓin, kuma muddin tana ramewa, ƙwan haihuwarta ba ya nuna a kan lokaci. Ya sa na ƙara angurya da ƙuli-ƙuli a kan dusa da harawa, na kuma sayo dutsen lasa mai sinadarai, domin kanwar da na dogara da ita ba ta wadatar. Ya ɗebi jininsu saboda gwajin bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari idan ciki ya tsufa, wadda mutum ma yake ɗauka ta hanyar shan ɗanyar madara. Alhamdulillahi, ba a same ta ba.

Ya kuma koya wa makiyayina lura da lokacin da saniya ke neman barbara, wanda yake zagayowa kusan duk kwana 21. Shanu masu yawan nono ba sa daɗewa a wannan hali, sau da yawa ma da dare yake zuwa musu, saboda haka sai an tsaya a kansu bayan sallar asuba da kuma bayan magariba. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce saniya ta tsaya cak 'yar'uwarta ta hau ta, sai kuma farin ruwa mai yauƙi da ke zubo mata kamar zare. Wadda aka gani da safe da yamma ake zuba mata, wadda aka gani da yamma kuwa sai washegari da safe.

Aikin hannunsa ba ni da abin cewa a kai. Maniyyin yana cikin wata siririyar roba da ba ta kai kaurin bututun biro ba, a ajiye cikin tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, har farin tururi yake fitowa idan an buɗe murfin. Yakan narkar da ita a ruwa mai ɗumin digiri 35 na kimanin rabin minti, yana duba ma'auni, sannan ya sa doguwar safa ya zura hannun hagu ta duburar saniyar ya riƙo bakin mahaifa, ya shigar da ƙarfen zubawa da hannun dama a hankali.

Inda na ji ciwo shi ne sha'anin lokaci. Akwai ranar da muka kira shi da sassafe saboda wata karsana, bai iso ba sai washegari da la'asar, ya zuba duk da haka, ya kuma karɓi kuɗinsa cif, bayan mako uku karsanar ta sake neman bijimi. Na biyu, zagayen farko a watan Afrilu muka yi shi, tsakiyar bazara, kuma a cikin shanu biyar ɗaya ce kawai ta riƙe. Sai daga baya ya faɗa mini cewa tsananin zafi yana lalata ƙwai, yana kuma kashe ɗan tayi tun yana 'yan kwanaki. Wannan magana kafin aikin ya kamata na ji ta, da na jinkirta, ko na fara kafa rumfa da wadata su da ruwa.

A watan Disamba muka sake, wannan karon da allurar daidaita lokacin neman barbarar shanun: ɗaya a ranar farko, ta biyu bayan kwana 7, ta uku bayan ƙarin kwana 2, washegari kuma aka zuba wa shanu huɗun da suka rage a zama ɗaya, abin da ya kawar da matsalar nisan Katsina. Bayan wata biyu ya duba su da hannu ya tabbatar uku sun ɗauka, har da Goshi, wadda nake sa ran haihuwarta a ƙarshen Satumba tunda cikin saniya yakan kai kimanin kwana 283.

Zan sake kiran sa idan hunturu ya shigo, bisa sharaɗin cewa zai rubuta mini irin bijimin da aka ɗebi maniyyinsa. Wanda ya yi amfani da shi a wannan karon na Firisiyan ne zalla, ma'ana maruƙan da za a haifa kashi uku cikin huɗu na jininsu na turai ne, ni kuwa ba na son jinin ya wuce haka a garken da zai riƙa shan ranar Daura.