Faifan Moszkowski da Paderewski ya ci kuɗinsa

Kullum Grieg, Schumann, Tchaikovsky da Rachmaninoff ake ta maimaita mana, sai ka ce ba wanda ya taɓa rubuta kiɗan piyano mai rakiyar babbar ƙungiyar makaɗa sai su. Shi ya sa na sayi faifan farko na jerin Romantic Piano Concerto, wanda kamfanin Hyperion na Ingila ya fara fitarwa a 1991. Irin wannan kiɗan guda biyu ne a faifan, na Moszkowski da na Paderewski. Piers Lane ne a kan piyano, makaɗan BBC na Sikotilan na mara masa baya.

Na Moszkowski, wanda ya rubuta a 1898, shi ya fi kama ni. Kashi huɗu ne maimakon ukun da aka saba, kuma a na uku yatsun Lane gudu suke yi, amma kowane sauti na fita tsaf. Wani abokina ya ce ado ne kawai, babu zurfi. Ban yarda ba. Bai kai na Schumann ratsa zuciya ba, wannan gaskiya ne, amma a saurari kashi na biyu a natse kafin a yanke hukunci.

Na Paderewski, mutumin da ya zama Firayim Ministan Folan a 1919, kashin farko ya ɗan yi mini tsawo. Na tsakiyar kuwa akwai taushi da daɗi; mai son Chopin ya fara daga nan.