Ƙaramar laptop ko waya: da wacce za ka shiga kwale-kwale?

Ɗan'uwa daga Daura ya tambaya. Yana binciken kammala karatu a kan kifin dam ɗin Daberam, zai riƙa bin masunta cikin kwale-kwale yana rubuta nauyin kifi da tsawonsa da wurin da aka kama shi. Kuɗin hannunsa ba yawa. Ya sayi ƙaramar laptop mai araha, irin mai allon inci 11.6, ko ya dogara da wayar Android?

Malam, na taɓa yin irin wannan aikin, kuma da laptop na fara. Abin da ya fara kayar da ni ba ruwa ba ne, rana ce. Allon waɗannan ƙananan kwamfutoci bai da haske sosai, an yi shi ne don zaman ɗaki. Da hantsi ya ɗaga, ga rana a sama, ga ruwa yana maido da ita, fuskarka kawai za ka gani a gilashin. Sai da na lulluɓa da babbar riga kamar mai ɗaukar hoto na da, masunta suna ta dariya. Allon waya ya fi haske, kuma inuwar tafin hannu ɗaya ta ishe shi.

Sai ruwan kansa. Cikin kwale-kwale ba ya rabuwa da ruwa, shi ya sa kullum akwai yankakkiyar jarka ta kwalfewa. Tarwaɗa ɗaya ta yi tsalle ta fantsama maka a kan madannai, magana ta ƙare. Hannunka kuma duk yauƙi ne da ɓawon karfasa. Waya kuwa jakar roba mai igiya za ka saka ta, ka rataya a wuya, ka danna ta cikin jakar. Idan wayar tana da alamar IP67, an gwada ta a zurfin mita 1 har minti 30. Laptop mai araha ba ta da wannan kariya ko kaɗan.

Batun wuri ne ya fi muhimmanci a aikinka. Yawancin laptop ba su da GPS, wato abin da ke nuna ainihin wurin da kake, sai ka sayi na sokawa ta USB, ƙarin kuɗi da ƙarin igiya a gwiwa. Waya da nata take zuwa, kuma daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, ko babu sabis ko babu data zai ba ka wurin. Ka sa manhajar tattara bayanan bincike ta KoboCollect ko ODK Collect, duka kyauta ne. Ka tsara fam ɗinka tun a gida, ka cike a kan ruwa har da hoton kifin, in ka dawo gari inda akwai intanet ka tura.

Caji ma waya ta fi sauƙi, fawa-bank ɗaya ta kai ka yamma.

Kada dai a zalunci laptop ɗin. Jera alƙaluma a Excel, zana jadawali, rubuta babi biyar, duk wannan azaba ce a waya. Kuma ƙananan nan suna da abin yabo: masu injin Celeron da yawa ba su da fanka, don haka ba sa zuƙar ƙurar hunturu, ma'ajiyarsu ba ta da faifai mai juyawa da girgiza za ta lalata, nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Matsalarsu ƙunci. Windows 11 tana neman aƙalla RAM 4GB da ma'ajiya 64GB, su kuma yawanci iyakar abin da suke da shi ke nan, sai ka ga ta cika kafin ka zuba hotunanka. Wadda ta tsaya a Windows 10 ka yi hattara, Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Zafi ma abin dubawa ne: yawancinsu an ƙayyade musu aiki har digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, batir kuma ba ya son haka.

Ni dai da ni ne, waya ce za ta shiga ruwa, laptop ta jira a gida. In kuɗin na abu ɗaya ne, ka fara da jakar roba da fawa-bank da rigar ceto, ka ari kwamfuta lokacin rubutu. Ka kuma tafi da ƙaramin littafi da fensir, ba biro ba, don tawada tana zuba in takarda ta jiƙe.