Yuraniyam da Fuloraid a Ruwan Sha: Wanne Ya Fi Cutar da Ƙoda?

Dukan sinadaran biyu daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke narkewa cikin ruwan rijiya da na burtsatse, ba wari, ba launi.

Yuraniyam, wanda ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar tun 1971, kai tsaye yake nufar ƙoda. Mutane sun fi tsoron tururinsa na nukiliya, alhali gubarsa ta ƙarfe ce ke yin ɓarnar: yana lalata ƙananan bututun da ke mayar da sukari da furotin cikin jini, sai su zube a fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyaka maikirogiram 30 a lita.

Fuloraid kuwa, iyakarsa miligiram 1.5 ne a lita, kuma haƙori da ƙashi yake fara kamawa. Mutanen Tibiri kusa da Maraɗi sun ga haka, inda ruwan famfo ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara. Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka in ta raunana sai ya taru a jiki.

A ganina yuraniyam ya fi shammatar mutane, tunda ba ya barin tabo a haƙori da za a gani. Tafasa ruwa ba ya cire ko ɗaya.